Kuben Sarjan Manzo

Litinin, 22 ga Yuni 1936, bayan azahar

Da sunan Allah nake buɗe wannan kaye, wato littafin rubutu, ni Abarshi ɗan Barmo, baduku a Gure. Na tanade shi ne domin rubuta awon kayan gasar harbi da kumandan ya ɗora mini aikinsu, amma yau ba awo zan rubuta ba.

An kira ni bariki da hantsi. A kan teburin biro, wato ofishin kumandan, an ajiye kuben da na ɗinka wa Sarjan Manzo, a gefensa kuma abin da ya rage na ƙaramar bindigarsa, bakinta a tsage kamar karan da jaki ya taka. Shekaranjiya Asabar ta fashe masa a hannu, a wurin gwaji. Kumandan bai dube ni ba. Ya ɗauki kuben da yatsu biyu ya miƙa wa Ibram tafinta, shi kuma ya miƙo mini, ya ce, "Ana so ka sansana." Na sansana. Man shanu ne. Zafin rana ya narkar da shi, ya gangara cikin bakin bindigar, rairayi ya bi shi ya daskare, harsashi ya rasa hanyar fita.

Tambayar ɗaya ce: wa ya shafa? Na ce zan bincika. Kumandan ya ba ni har washegarin bikinsu na sha huɗu ga Yuli, ba don tausayi ba, sai don babu wani baduku daga nan har Damagaram da zai gama masa sauran kayan: ɗamara shida masu gidajen harsashi, maratayin doguwar bindiga shida, da sabon kube na kaporal, wato kofur ɗin da zai yi harbi a madadin Manzo. Ranar sha biyar in kawo suna. Wanda aka kawo sunansa, ko kaso, wato kurkuku, ko aikin hanyar mota.

Ni ban shafa ba. Matata Yabawa ba ta taɓa kayan aikina ba tun ranar da aka kawo ta. Mu uku ne a gidan nan.

Talata, 23 ga Yuni, hantsi

Na sake bin aikin daga farko, ko zan sami inda hannuna ya yi kuskure, domin hakan zai fi mini sauƙi.

Ina da wata takarda ta masu ɗinkin sirdin sojan Faransa, shafi ashirin da huɗu, da zane-zanenta. Wani sojan raƙuma ya bar mini ita shekara tara da suka wuce. Ibram ya karanta mini da Hausa, ni kuma na rubuta da ajami a gefen kowane shafi. A cikinta na koyi cewa ba a yanka kube da ido. Tun da ba a yarda irina ya kai bindiga gida ba, a bariki na auna ta, gardi, sojan tsaron bariki, yana tsaye a kaina: tsawonta, kaurinta, da kumburin nan da harsasai shida suke kwana a ciki. Na sassaƙa irinta da icen aduwa, ban ƙara milimeta ɗaya ba, ban rage ba. Na zaɓi ƙirgin gadon bayan sa, wanda ya sha bagaruwa ya ƙoshi, na jiƙa shi, na naɗe shi a jikin bindigar icen, na yi ta dannawa da ƙashi har ya ɗauki siffarta, na bar shi a inuwa kwana uku. Allura biyu, zare mai kakin zuma, huji takwas a kowane santimeta uku. Waje na goge da kaki. Ciki na bar shi a bushe ƙayau, kamar yadda shafi na goma sha ɗaya ya ce: kada mai ya taɓa cikin kube, domin mai yana kiran ƙasa.

Ban sami kuskure ba.

Baba yana zaune a zaure yanzu, a kan buzunsa. Shekara shida ke nan da idonsa ya rufe. Shi ya koya mini riƙon wuƙa, kuma rabin takubban garin nan a cikin ɗinkinsa suke kwana. A gidanmu tun kakanni, kaya ba ya fita sai dattijon gida ya shafe shi da man shanu ya tofa addu'a. Ranar da na gama kuben na ce masa, "Baba, wannan aikin Nasara ne, ba a sa masa mai." Ya ce, "To." Na tafi sallar azahar.

Ɗazu ya tambaye ni, "Yaron nan Manzo ya gwada kubenmu kuwa?"

Na ce ya gwada.

"Me ya ce?"

Na ce ya yaba.

Laraba, 24 ga Yuni, magariba

Na yanka ɗamara biyu. Ban je duba Manzo ba.

Alhamis, 25 ga Yuni, la'asar

Yabawa ta kai wa Mairamu, matar Manzo, fura. Da ta dawo ta tsaya a bakin rumfar aikina, ta sassauta murya.

"Malam, lokotoro, likitan bariki, ya cire biyu. Babban yatsa da manuni."

Na tambaye ta wane hannu, alhali na sani. Na ƙara tambaya:

"Mairamu ta ce wani abu?"

"Ta karɓi furar dai." Ta waiwaya wajen zaure. "Tsohon nan in ya ji, ba zai kai kaka ba. Ko kumandan bai taɓa shi ba."

Na ce na sani.

"Sani ba aiki ba ne. Na bi gidajen layin nan huɗu na roƙe su su kama bakinsu. Saura kai da mazan masallaci."

Ni da nake auna milimeta, ban yi tunanin wannan ba sai da mace ta gaya mini.

Juma'a, 26 ga Yuni, bayan an sauko

Na ja wa Baba sanda zuwa masallaci kamar kullum, sai dai na jinkirta har liman ya hau, muka zauna a sahun ƙarshe. Ana sallamewa na ɗago shi. Wani tsohon abokinsa ya nufo mu, hannu a miƙe, fuska cike da jaje, sai ƙanen liman ya riƙe masa hannun riga ya juya da shi. Ashe maganar Yabawa ta riga ni isowa.

A hanya Baba ya tsaya cak. "Kai Abarshi, akuya kake ja zuwa kasuwa? Ko gaisawa da mutane ba ka bari na yi ba."

Na ce aikin bariki ne yake jirana.

Ya ce, "Bariki. Mu da muka yi wa sarakuna aiki ba mu taɓa gudu daga masallaci ba."

Lahadi, 28 ga Yuni, hantsi

Jiya ya ji ƙarar huji ta tsaya, ya gane na gama ɗamarar farko, ya ce a kawo masa ita da ƙoƙon mai. In na hana, zai tambayi dalili. In na ba shi, mai zai shiga gidajen harsashi. Sai na yi dabara: na ɗinka wata ta ƙarya cikin gaggawa, da ragowar fatar akuya, na sa masa a cinya.

Ya bi ta da yatsu sau ɗaya, daga baki zuwa baki. Ya ajiye.

"Wannan ta wa ce?"

"Ta bariki, Baba."

"Fatar akuya? Ga ɗinki kamar haƙoran tsohuwa. Da wannan za ka fitar da sunana?" Sa'an nan ya ce a hankali, "Ko kuwa don ba na gani ne ka fara ba ni wasan yara?"

Na durƙusa na ce gwaji ne kawai na yi, ta gaskiyar tana tafe.

Saboda haka babu wata hanya: kowane abu sai na yi shi biyu, dukansu na gaske, da ƙirgi mai kyau da ɗinki cikakke. Ɗaya na bariki, a bushe, in ɓoye shi a rufin rumfa. Ɗaya na Baba, ya shafe, ya tofa, in sa a tsohon tulu in rufe. Aikin kwana goma sha shida ya koma na talatin da biyu, kwanakin kuwa ba su ƙaru ba.

Talata, 30 ga Yuni, azahar

Gidajen harsashi goma sha biyu a kowace ɗamara. Takardar ta ce a lanƙwasa fatar a jikin harsashin kansa, amma ba a ba ni ko ɗaya ba, sai da na feƙe karan gero daidai kaurinsa bisa awon da na ɗauka. In gidan ya matse, mai harbi zai tsaya yana tonowa da farce, agogon kumandan yana tafiya. In ya saki, harsashi zai zube a sukuwa. Tsakanin biyun bai fi kaurin zare ba. Na warware na bakwai sau uku.

An yi iskar hadari da rana tsaka, ta zuba mana rabin tudun rairayi a tsakar gida, ruwan kuma bai fi yayyafi ba. Na ɗauko ɗamarar da Baba ya shafa jiya in gani. Cikin tulu take, a rufe, amma duk da haka rairayi ya sami hanya, ya lulluɓe ta kamar tsire a kuli.

Na karanta shafi na goma sha ɗaya. Bai sauya ba.

Alhamis, 2 ga Yuli, la'asar

Ibram ya zo, wai duba aiki. Ya gaida Baba da ladabi, ya wuce rumfa, ya zauna a kan turmi yana kaɗa hula.

"Malam Abarshi, ni na karanta maka takardar nan. Na san ba kai ba ne. Kumandan ma ba wawa ba ne."

Na ci gaba da huji.

"Ƙofa biyu gare ka. Ta farko, ka faɗi gaskiya. Tsoho ne, makaho. Kwana biyar a kaso, don a ce an yi. Ni zan sa baki a ba shi tabarma."

Na ce ta biyun fa.

"Sarjan ya yi kwana takwas yana yawo a tudu da bindiga a ƙugu. Dokar soja ta ce a leƙa bakinta kowace safiya. Ka ce mai kaɗan ne, sakacinsa ne ya kai shi. Za a kore shi ba takardar sallama, kai kuma ka koma kan fatarka." Ya sa hula. "Akwai ta uku, amma mai hankali ba ya bin ta. Hanyar mota ta Maine ba ta san baduku ba, ta san mai ɗaukar dutse ne."

Da zai fita Baba ya ce masa, "Tafinta, ka gaya wa Nasaranka kayansa suna samun albarkar tsoho." Ibram ya ce zai gaya masa.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙofa ta biyu ta zauna mini a rai har magariba. Na rubuta wannan domin kada in yi wa kaina ƙarya daga baya.

Juma'a, 3 ga Yuli, azahar

Na ce wa Baba ruwa ya yanke hanyar masallaci. Ya ce bai ji ruwa ba. Mun yi azahar a gida. Allah ya gafarta mini.

Lahadi, 5 ga Yuli, bayan la'asar

Na je. Kwana goma sha biyar ina shirya kalmomin da zan faɗa, na isa ƙofar na manta da su duka.

Manzo yana kishingiɗe a inuwar darbejiya, hannun dama a naɗe da farin ƙyalle, a ɗaure a ƙirji. Tare muka tashi da shi. Mahaifinsa aminin Baba ne, a zaurenmu ya koyi tafiya. Ya rame.

"A'a, Malam Takarda. Na ce ko sai an rubuto maka a shafi na nawa ake duba marar lafiya."

Na zauna a ƙasa. Na ce masa sannu. Na sake cewa sannu.

"Ya isa haka, za ka ƙarar da su. Ka ga Mairamu ke ba ni tuwo a baki yanzu, abin da shekara ashirin ina roƙo." Mairamu tana tsakar gida tana tankaɗe, ba ta yi dariya ba, ba ta kuma gaishe ni ba.

Na ce, "Manzo, kuben nan..."

"Kuben nan ya fi na kumandan. Ka taɓa ganin bindiga tana fita kamar an kira ta? Haka take yi." Ya gyara kwanciya. "Man Baba ne. Na san ƙanshinsa tun ranar farko. Duk abin da ya fito daga zaurenku haka yake ƙanshi, har layar da aka ɗaura mini ina jariri. Da na ji shi sai raina ya yi sanyi, na ce tsoho ya sa hannu."

Ya ci gaba.

"Ibram ya zo maka, ko? Ya zo mini ni ma. Gaskiya ne, ban leƙa ba. Shekara goma sha tara a soja, saura ɗaya in karɓi takardata, sai na zama ango da sabon kube, ina jin ƙyashin zaro ta. In kana so ka faɗa musu haka, faɗa."

Daga tsakar gida Mairamu ta ce, "A faɗa, mu ci me?" Ba da ƙarfi ta faɗa ba.

Manzo ya ce, "Tsohon yana cin abinci?"

Na ce yana ci.

"To, a bar shi ya ci."

Talata, 7 ga Yuli, hantsi

Akwai abin da ban rubuta ba ranar ashirin da uku, na ce ban sami kuskure ba.

Da na dawo daga sallar azahar ran nan, na ɗauki kuben zan naɗe shi, na ji ƙanshin. Na ji shi sarai. Na ga bayansa yana sheƙi fiye da yadda kaki yake sa shi. Na ɗauki tsumma na goge bayan, na ce a raina bai wuce nan ba. Ban zura yatsa ciki ba. Da na zura, da sai in sake aikin kwana goma, in kuma tsaya gaban mahaifina in ce masa hannunsa ya ɓata mini kaya. Ban so ko ɗaya ba. Na naɗe, na kai.

Yatsa ɗaya ya kamata in zura.

Alhamis, 9 ga Yuli, magariba

Ƙirgi ya ƙare, na karɓo wani a majema wanda bai gama shan bagaruwa ba. Da shi na yi maratayan Baba, na yi ta addu'a kada ya gane. Ya gane, amma ya ɗora laifin a kan majeman zamani. Yatsuna sun tsattsage, zare yana shiga cikin tsagar.

Yau yana cikin nishaɗi. Ya shafe sabon kuben, wato nasa, yana ta jujjuya shi a hannu. Ya ce ɗinkina ya fara kama hanya. Shekara arba'in da shida ina jiran wannan maganar.

Sa'an nan ya ce, "Nasara sun san ƙarfe, amma ba su san fata ba. Fata tana jin ƙishirwa kamar mutum. Wancan na farko ma da ka ce kada a sa, sai da na zura yatsa har gindinsa, na ba shi ya sha. Ga shi ka ce yaron ya yaba."

Ludayi ya faɗi daga hannun Yabawa. Ta ce zafi ne ya ƙona ta.

Na ce, "Haka ne, Baba."

Asabar, 11 ga Yuli, asuba

Saura maratayi biyu, wato huɗu.

Lahadi, 12 ga Yuli, la'asar

Na sauko da na rufin rumfa, na zura yatsa cikin kowane gida da kowane lungu, na sansana, na sake zurawa. Na kai bariki. Kaporal ya ɗaura kuben, ya zaro, ya mayar, ya zaro, sau goma. Na karkatar da bakin kuben gaba kaɗan, na kuma rage murfin, yadda babban yatsa zai ture shi yayin da hannu yake sauka. Wannan ba ya cikin takarda, ni na ƙago shi. Kumandan ya ɗaga gira ya faɗi wata kalma. Ibram ya ce, "Wai aiki ne mai kyau." Sa'an nan ya ƙara da nasa, ƙasa-ƙasa: "Laraba."

Talata, 14 ga Yuli, la'asar

Ban je filin ba. Na san tsarin: ƙwarya shida a kan turaku, taku ashirin da biyar, gardawan Gure da na Maine, a zaro a harba kafin kumandan ya sauke hannu. Daga zaure ana jin komai.

Baba ya sa an jawo masa buzu bakin ƙofa. Duk harbin da aka yi sai ya karkata kunne. Da aka yi wasu shida a jere, ba tsayawa, jama'a suka ɗauki sowa, ya buga cinya.

"Wannan Manzo ne. Ka ji yadda ta fito? Ba ta tsaya ba ko kaɗan."

Na ce shi ne.

"A ce masa ya zo. Yaron da ya ci gasa da kubenmu bai kamata sai an aika masa ba."

An ce Gure ce ta ci. Yabawa ta ji a bakin mata a rijiya.

Laraba, 15 ga Yuli, azahar

An gama.

Na tafi da takardata ta ɗinki a aljihu, ban san dalili ba. Kumandan yana cikin fara'a saboda jiya. Ya ce suna. Na ce Abarshi ɗan Barmo. Ibram bai fassara nan da nan ba, ya dube ni, na sake faɗa, sa'an nan ya juya ya faɗa da Faransanci.

Kumandan ya ce ya ji ina aiki da littafi. Na fito da ita. Ya buɗe, ya sami wurin da kansa, ya aza yatsa a kan ajamina, ya ce in karanta abin da na rubuta da hannuna. Na karanta, gaban gardawa huɗu: kada mai ya taɓa cikin kube. Ya ce to don me. Na ce haka muka gada.

Ya yi magana mai ɗan tsawo, gardawan da suke jin Faransanci suka sunkuyar da kai. Ibram ya ce, "Ba sai na fassara wannan ba." Na ce ya fassara. Ya ce, "Wai ko littafi nawa aka ba ku, ƙarshenta sai kun shafa masa mai."

Wata uku a hanyar Maine. Ba zan ƙara taɓa aikin bariki ba. Takardar ta zauna a biro. Saboda kayan gasa sun yi kyau an bar ni in kwana biyu a gida, Juma'a kamyo, wato babbar mota, zai tashi. Ba a ambaci leƙa bakin bindiga ba, kuma Ibram ya ce za a ba Manzo takardar sallamarsa.

Shekara tara ina so a ce akwai baduku ɗaya a Gure da yake aiki da awo.

Alhamis, 16 ga Yuli, bayan la'asar

Mun shirya da Yabawa: Nasaran Damagaram sun ji labarin kayan gasa, sun aiko a kai ni in yi musu sirdi, aikin wata uku. Na faɗa wa Baba da safe. Ya ce, "Damagaram. Ni ban taɓa wuce Gidigir da aiki ba." Ya sa Yabawa ta nemo masa tsohuwar basillarsa ya ba ni.

Da la'asar sai ga sallamar Manzo, ba wanda ya aika masa. Na fito da gudu in tare shi, amma Baba ya riga ya ji muryar.

"Ɗan aminina. Shigo. Sai yau?"

Manzo ya durƙusa nesa kaɗan, ya gaishe shi da Barbarci kamar yadda mahaifinsa yake yi, Baba ya amsa yana dariya. Ya tambaye shi ƙwarya nawa. Manzo ya ce shida. Ya tambaye shi mutanen Maine fa. Manzo ya ce har yanzu suna neman bakin kubensu.

Sai Baba ya miƙa hannu cikin iska. "Matso. Kawo hannun nan in ji, hannun da ya fitar da mu kunya."

Ina tsaye a bayansa. Yabawa tana bakin ƙofar cikin gida, ta toshe baki da gefen zane. Yatsun da suka gane fatar akuya da shafa ɗaya ba za su rasa gane ƙyalle ba.

Manzo ya matso a kan gwiwa, ya mayar da na daman bayansa, ya sa masa na hagu.

Baba ya riƙe. Ya shafa. Fuskarsa ta sauya, ya saki kamar ya taɓa wuta.

"Hagu? Ni za ka miƙo wa hagu, a zaurena?"

"Haka ake yi a bariki yanzu, Baba. Dama ta bindiga ce, ba a ba kowa."

"Bariki. Ubanka ya mutu bai ga wannan ba, Allah ya rufa masa asiri. An ba ka igiya uku a kafaɗa, an karɓe maka tarbiyya." Ya juyar da kai bango. "Tashi ka ba ni wuri."

Manzo ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba." Ya miƙe.

Na raka shi waje. Mun yi tafiya har bakin layi. Wannan mutum tun yana yaro in Baba ya ɗaure masa fuska ba ya iya cin abinci.

Ya ce, "Zai huce kafin Juma'a ta sama. Wa zai ja masa sanda?"

Na ce ban sani ba.

"Ni zan ja. Ai yanzu ya san ni da hagu." Ya dube ni. "Kai kuma, Malam Takarda, dutse ba a auna shi. Ka ɗauki ƙarami in gardi ya juya baya."

Juma'a, 17 ga Yuli, da safe

Na haƙa rami a bayan rumfa na binne abin da yake cikin tulu: ɗamara shida, maratayi shida, kube ɗaya. Ban taɓa yin aikin da ya fi su kyau ba.

Na maimaita wa Yabawa abin da za ta riƙa cewa in ya tambaya: saƙo ya zo ta bakin fatake, ina lafiya, aiki ya yi yawa. Kada ta ƙara komai a kai, domin yana riƙe magana. Ta ce, "In wata uku ya wuce fa?" Mutum biyu na layinmu da aka kai bara a kan wata uku, ɗaya ne ya dawo. Na ce ta ce an ƙara mini sirdi.

Zan bar kayen nan a rufin rumfa. Duk wanda ya same shi, don Allah kada ya karanta da ƙarfi a gidan nan.

Gardi ya iso, yana sallama a ƙofa. Ina jin Baba yana amsa masa, yana cewa ɗan rakiyar Damagaram ne, a kawo masa ruwa, a shimfiɗa masa tabarma mai kyau.